Jajen Jakin Barmo

Attantane zuwa Mayahi

Mun bar Attantane kafin kiran assalatu, ni da yayana Illa, a ƙasa, don ba ya son kowa ya gan shi. Ba tafiyata ba ce, rakiya na yi. Yaya Illa ya ƙudura zai tsallaka kudu ta Hawandawaki, ta hanyar daji, tunda an rufe iyaka, kuma ya ce ba da niyyar dawowa ba.

Ku 'yan ajinmu na karatun manya kun san dalili, amma bari in faɗa don wanda bai sani ba. Jakai huɗu gare shi da, yana kai gero da kanwa kasuwanni, har ake ce masa Illa Mai Jakai. Farin bara ya kashe uku. Na huɗun ya ba da shi aka auna masa jar dawa. Tun ran nan ya rufe ƙofa, ko salla a ɗaka yake yi. Ga matarsa Hajo da yara uku, ga gona ba a share ba, ga gabas ta fara haɗa gira.

A hanya na ce, "Yaya, ko ka bari a yi shuka?"

Ya ce, "Hamisu, rakiya ka zo ko wa'azi?"

Rana ta yi tsaka kafin mu shiga Mayahi. Muka sha hura a bakin tasha, ruwa ya fi gari yawa, mai hurar ma ta ba mu haƙuri tun ba mu yi magana ba.

Mayahi zuwa Tasawa

Bayan azahar muka samu kamiyo, babbar motar kaya, da ya sauke dawar taimako zai koma. Muka hau baya bisa buhunan wofi, mu da wasu mata da tunkiya ɗaya wadda ake iya ƙirga haƙarƙarinta. A shingen jandarmomi aka sauke mu duka. Wani dogo ya karɓi katin Yaya, ya juya shi, ya ce, "Sana'a?"

Yaya ya sunkuyar da kai yana duban ƙasa.

Na ce, "Manomi ne, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Shi ba ya da baki?" Amma ya miƙo katin.

Tasawa

Mun sauka gidan Issa tela, ƙanen matata. Allah ya saka masa, ya ba mu zaure da tabarma, matarsa ta kawo tuwon jar dawa da miyar kuka. Muna ci sai ga mota tana yawo da lasifika, wai bayan magariba za a nuna majigi a filin lakwal, wato makarantar boko, Barmo Dogon Wuya ya dawo.

Yaran yanzu ba su san shi ba. Muna samari, ana liƙa wata takarda ta masu koyar da karatu a ƙofar maigari, a ƙasanta akwai zanen wani siririn manomi mai malafa da wuya kamar na zalɓe, shi da jakinsa Sannu-Sannu mai kunne ɗaya a kwance. Ba ma iya karanta ko baƙi ɗaya a lokacin, amma zanen ba ya son malami. Kullum Barmo zai yi wata dabara, dabarar ta kashe shi, jakin yana gefe yana kallonsa. Daga baya takardar ta daina zuwa.

Na ce Yaya ya taso. Ya ce shi ba yaro ba ne. Muka tafi ni da Issa.

Ashe Barmon yanzu motsi yake, har da magana da launi. An sa masa tabarau da agogo, ya hau mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗin nan. 'Yan lakwal suka yi ta tafi da fito. Wani tsoho kusa da ni ya ce, "Wannan ba shi ba ne. Ina wuyan?" Na bayansa ya ce, "Ya ci ya ƙoshi, wuyan ya shige. A bana! Lalle yana da ɗan uwa a magazan da ake tara hatsin taimako." Aka yi dariya, wani ɗan doka ya waigo, kowa ya gyara zama. Samari na cewa sabon ya fi, tsofaffi na tsaki, har aka tashi ba a daidaita ba.

Da aka watse na kama wa masu majigin ɗaukar injin wuta. Shugabansu wani saurayi ne, Mushe Abdu, wato Malam Abdu a bakin 'yan boko. Da ya ji ina ajin manya ya sa na karanta abin da ke jikin motar, na karanta a hankali. Ya ce gobe Hawandawaki za su, in muna so akwai wuri a baya.

Tasawa zuwa Hawandawaki

Da hantsi muka tashi. Hanyar rairayi ce zalla, sau uku muna sauka muna turi. Direban, Ɗan Ladi, ya ce, "Dattijo, tura mana, motar gwamnati ba ta san girma ba." Yaya ya tura. Gefen hanya ƙasusuwan dabbobi ne fari fat, ya riƙa kau da kai.

Da la'asar muka isa. Maigari ya sa aka kawo mana ruwa da dafaffen ganyen jiga. Yaya ya je ya samu masu tsallakawa, mutum biyar, suka ce da asuba za a tashi daga bakin rijiya. Ni kuwa na riga na gama maganata tun a hanyar Mayahi.

Bayan magariba aka rataya farin zane a bangon makaranta. Gari duka ya fito. Yaya ya zauna can baya bisa turmi, da ƙullin kayansa a cinya, don ba inda za shi.

Barmo ya fito bisa mobilet ɗinsa. Nan ba a yi tafi ba, ba a yi tsaki ba. Can wata tsohuwa daga cikin mata ta ɗaga murya.

"Yaro, tsaya. Ina Sannu-Sannu?"

Mushe Abdu ya rage ƙara, ya ce, "Inna, ai zamani ya canja. Masu zanen sun ga ya kamata ya ci gaba, shi ya sa..."

"Mutuwa ya yi ko saidawa?"

Wani ya ce, "Saidawa mana, ba ki ga mobilet ba?"

Wani ya ce, "Kai ma dai! Jakin bara ko taya guda ba ya saye. Mutuwa ya yi, yana ɓoyewa ne. Ba ku ga ya sa baƙin tabarau ba?"

Tsohuwar ta dafa sanda ta miƙe. Ta ratsa mutane har gaban zanen, inuwarta ta rufe rabin Barmo, ta ce, "Barmo, ashe kai ma ta same ka. Sannu. Ya haƙuri? Allah ya mayar da alheri."

Ba wanda ya yi dariya. Wuri ya ɗauki amin. Sai mutane suka fara tasowa, tunda Barmo ba ya da hannun da za a kama, suka nufi Mushe Abdu, shi da ya kawo shi. Ya fara cewa ai zane ne, ba jaki na gaske ba. Ɗan Ladi ya taɓa shi ya ce, "Mushe, karɓi gaisuwa." Yaron nan ya tsai da majigin, ya cire hula, ya riƙa cewa, "Haƙuri sai ma'aiki. Na gode. Amin."

Daga nan wani ya ce shi ma nasa biyu sun tafi. Wani ya ce saniyarsa Goje, a bakin rijiyar nan ta kwanta. Kowa ya faɗi nasa sai a ce masa sannu. Ban ankara ba na ji murya daga baya, a dishe.

"Huɗu. Uku sun mutu. Auta ni na sai da shi da hannuna, yana waigena."

Mutanen da ba su taɓa ganin yayana ba suka juya, suka yi layi. Tsohuwar ta ce, "A garinku an yi maka jaje?"

Ya ce, "Ban buɗe ƙofa ba, Inna."

Ta ce, "To ka tauye wa mutane hakkinsu."

Da aka ci gaba da majigin, mobilet ɗin Barmo ya kafe a rairayi, ya yi dabara, dabarar ta kashe shi, ƙarshe shi ya ɗauki abin a kai yana haki. Wani ya yi ihu, "Shi ne! Wallahi shi ne!" Na waiga na ga kafaɗun Yaya suna rawa. Ban sani ba ko dariya ce ko ɗayan, ban kuma tambaya ba.

Komawa

Da asuba ɗaya daga masu tsallakawa ya leƙo zauren maigari ya ce, "Na Attantane, an tashi."

Yaya yana zaune bisa buzu. Ya ce, "Ku sauka lafiya. Ina da baƙi a gida."

Motar majigi ta maida mu Tasawa, muka sake kwana wajen Issa, washegari kamiyon kanwa ya kai mu Mayahi, sauran muka taka. Da la'asar, ido na ganin ido, muka shiga Attantane, ta tsakiyar gari. Bai ko sha ruwa ba ya ce wa Hajo ta miƙo tabarma. Ya shimfiɗa ta a ƙofar gida, ya zauna, ya aike ni in gaya wa liman da maƙwabta. Har magariba ana zuwa. Kwana biyu bayan haka muka fita sharar gonarsa tare.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu biyu. Ina gode wa Issa da matarsa, da maigarin Hawandawaki, da Ɗan Ladi, da Mushe Abdu wanda ya karɓi gaisuwar jakin da bai taɓa ci masa ciyawa ba. Tsohuwar nan kuwa ban samu sunanta ba. Duk mai zuwa Hawandawaki a cikinku, ya tambayi wadda ta tsai da majigi, ya ce mata Hajo tana gaishe ta.