Wutar da Ban Binne Ba

A gidanmu na bayan Kuki, wutar da muke jin ɗumi da ita bayan sallar isha'i ba tamu ba ce mu kaɗai. Har da tantan ɗin Baba, tsohuwar motar noma da ta girme ni nesa ba kusa ba. In sanyi ya kankama, baƙin man injinta kan daskare, sai an tura kaskon garwashi ƙarƙashin injin da asuba kafin ta yarda ta yi tari ta tashi. Kakarmu, Inna Dije, ita ke binne wutar cikin toka don ta kwana da rai.

Amma sai ta yi mana tatsuniya tukuna. "Ku matso, ja'irai, ga ta nan tafe." Wadda ta fi maimaitawa ta wani tsohon takarkari ce da ya kwanta a hanyar kasuwa ranar sanyi. Mai shi ya doke shi, ya zage shi, ko gezau. Sai wata tsohuwa ta hura wuta kusa da shi, ta zauna tana shafa masa wuya. Can ya miƙe da kansa.

"Kun gani? Ɗumi yake so, ba duka ba," in ji ta, tana jan toka da kara. "Ni ma haka nake, tantan ma haka." Mu kuwa sai dariya.

Ina shekara goma sha biyu ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Ta kira ni ta ce, "Hajara, yau wutar a hannunki take." Na ce to. Na yi ta gyangyaɗi a bakin murhu, na tashi na shige ɗaki. Ban ja tokar ba.

Da asuba numfashinta ya sarƙe, kuma babu abin da zai kai ta asibiti a Dutsin-Ma sai tantan. Baba ya tona murhu, ya tarar da shi sanyi ƙalau. Ya murza makulli, injin ya yi gurnani ya yi shiru. Kafin sabuwar wuta ta yi garwashi rana ta fito. A hanya Inna ta cika.

Baba bai taɓa tambayar wanda ya bar wutar ta mutu ba. Ya ce kwananta ne ya ƙare, kuma na yarda, wallahi na yarda. Amma abin bai bar raina ba, kuma sai da na girma na gane tun dare ake tanadin ɗumin safiya.

Yanzu a Dutsin-Ma nake, da gas nake girki. Duk da haka in sanyi ya shigo nakan hura gawayi a kasko, in rufe shi da toka. Rannan 'yata, da ta san labarin tantan, ta ce, "Umma, wai me za a tayar da safe?"

Na ce mata, "Ban sani ba tukuna. Miƙo min karan."