Darasin Wake Ya Tafi Cirani

Wata safiyar Talata a watan Disamba ba ta fita raina ba. Ina direktan wata lakol, wato makarantar boko, ta ƙauye kusa da Gangara a Nijar, muna cikin aji biyar: ni, da enspekta daga Gazawa, da malamin da ke koyar da kimiyya, Mushe Sale, don Mushe muke ce wa malamin lakol.

A shekarar ne aka kawo mana sabon tsari. Malami zai ɗauki darasi da muryarsa ya tura wa iyaye ta waya, yaro ya saurara a gida, a aji kuma sai gwaji da tambayoyi. Mushe Sale ya soki tsarin a gaban kowa wurin horo. Tun daga nan enspekta ya sa masa ido, har ya gaya mini cewa in ya tarar bai bi umarni ba, zai nemi a ɗauke shi zuwa nesa, ga shi ya kusa ritaya, iyalinsa duk suna ƙauyen.

Darasin ranar kan tsirar iri ne. An ce kowane yaro ya jiƙa wake a gwangwani ya kawo. Enspekta ya tambayi yara ko su wa suka saurara. Hannuwa kaɗan suka tashi.

"Ka gani, Direkta? Bai tura ba."

"Ranka ya daɗe, na tura," in ji Mushe Sale. "Ban so ba, amma na tura."

Enspekta ya nuna wata yarinya. Ta ce, "Babanmu ya tafi cirani da wayar."

Lambobin da muka karɓa a farkon shekara na magidanta ne, su kuwa da an kai amfanin gona gida sai su tsallaka Najeriya neman aiki har damina. Babu wanda ya tuna da haka a wurin horo, har da mu 'yan yankin.

Mushe Sale ya kunna wani saƙo da ya shigo masa daga Kano. Muryar wani mahaifi ce, ana jin ƙarar babura a bayansa: "Mushe, na ji karatu, na jiƙa waken, har ya tsaga. To yanzu ni zan zo lakol ɗin ko yaron?"

Ajin ya fashe da dariya. Enspekta ya yi ƙoƙarin daurewa, ya kasa.

Abin da na koya shi ne, malamin da ke ƙorafi a fili sau da yawa ya yi aikin, kuma tsari ba ya tafiya sai an san a hannun wa wayar take kwana.

Daga baya muka riƙa kai darasin wurin mai cajin waya, yana zuba wa iyaye mata a katin ƙananan wayoyinsu. Mushe Sale bai daina cewa allo ya fi ba. A lakol ɗin ya yi ritaya.