Hancin Baba Alƙali

Da aka ce min akwai akwatin da ke gane gurɓataccen dizal da haske kawai, ban yarda ba. Na ga irinsa a ɗakin gwaji a can inda na yi karatu, amma can babu direban da ke zuƙe mai a hanya ya cike gurbin da kananzir. Na ɗauka a nan hancin tsohon ma'aikaci ya fi kowace na'ura. Da wannan tunanin na je kamfanin sufurin da Baba Alƙali ya tsufa a cikinsa.

Ba alƙalin kotu ba ne, direbobin tanka ne suka sa masa sunan. Ya shiga kamfanin yana saurayi mai jan tiyo, ya ƙare a bakin rijiyar ajiyar mai ta kamfanin, inda ba a sauke tanka sai ya yarda. Zai ɗebi man a kwalba, ya ɗaga ta sama, ya zuba kaɗan a tafin hannu, ya kai hanci. Idan ya ce "sauke", an sauke. Idan ya ce "juya", direba ya juya da kayansa, sau da yawa kuma ya juya ke nan daga aikin.

Abin da ba wanda ya sani a kamfanin shi ne hancin ya daɗe da mutuwa. Tururin man ya cinye shi a hankali. Matarsa ce ta fara ganewa, ranar da tukunya ta ƙone ƙurmus yana zaune kusa da murhu yana yanke farce.

"Malam, maƙwabta sun ji ƙauri, kai da ake biya don hanci ba ka ji ba?"

"Mura nake yi."

"Murar nan ta girmi autarmu."

Bai fasa aiki ba, dabara ya sauya. Yana shinshina tafin hannunsa, idonsa na kan direba. Wanda ya tsaya cak yana hira, mansa ya wuce. Wanda ya hau sosa ƙeya ko haɗiyar yawu, an juya shi. Wani lokacin yakan dace, don mai laifi ba ya rasa motsi.

Akwai wani direba da ake kira Shiru, mai i'ina, wanda gumi ke karyo masa ko gaisuwa ya tsaya yi da babba. Baba Alƙali ya juya shi, ya sake juya shi, har mai tankar ya karɓe makulli. Labari ya zaga cewa ɓarawon mai ne, ba wanda ya ƙara ba shi mota. Ya koma wankin motoci a bakin ƙofar kamfanin, da bokiti da soso, kullum kuma sai ya gaida Baba.

Sai aka kawo na'urar. Ƙaramin akwati ne da ramin da ake zura siririn bututun gilashi. Haske ya ratsa man, wani ido na lantarki ya karɓe shi ta ɗaya gefen, allo ya nuna ko an haɗa da kananzir ko ruwa. Injiniyar da ta zo kafa ta ba ta da mugun nufi. So take ta kwatanta sakamakon da na Baba, don manaja ya cika mata kunne da labarin hancinsa. Ta jera kwalabe a kan tebur a ofis, ta ce, "Baba, bismillah."

Ya duba ɗakin. Babu direba ko ɗaya.

"Ina masu man?"

"Ai man muke so ka duba, Baba, ba masu shi ba."

Ya ɗauki ta farko, ya daɗe yana shinshinawa, ya kalli fuskar injiniyar. Ba ta nuna masa komai ba, waya take dubawa. Ya ce a sauke. Na'urar ta ce kusan rabinsa kananzir ne. Ya ce a juya ta biyu, na'urar ta ce garau take. Injiniyar ta fara tattara kwalaben, ta ce ya isa haka, wataƙila Baba ya gaji.

Manaja bai ga ya isa ba. Ya fita da kwalba ɗaya, ya juye mata turaren da yake ajewa a mota, ya dawo da direbobin da ke jiran layi a bayansa. Ƙamshi ya cika ofis har injiniyar ta yi atishawa.

"Ta ƙarshe, Baba. Ga masu man nan ma na kawo maka."

Baba ya ji ƙarfinsa ya dawo. Ya zuba a tafi, ya kai hanci, ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Ba mai sosa ƙeya, ba mai gumi. Duk sun ƙame, suna danne dariya.

"Wannan lafiyayye ne," ya ce. "Sauke."

Wani direba ya zube a kan benci yana riƙe ciki. Wani ya ce, "Baba, shafa a wuya, yau kai ne ango." Sunan ya bi shi tun daga ranar.

Ba a kore shi ba. Manaja ya ce tsoho ne, a bar shi ya ci abinci. Aka ba shi wankin bututun gilashin na'urar, a wani famfo da ke kusa da ƙofa, taku kaɗan daga inda Shiru ke wanke tayoyi. Direbobi na wucewa suna miƙa masa hammata. "Ango, duba min wannan, a sauke ko a juya?" A gida kuma matarsa ta daina ɓoye zancen, ko baƙi aka yi sai ta ba da labarin tukunya.

A bakin famfon na same shi, yana goge bututu da tsumma, yana ɗaga shi sama kamar yadda yake ɗaga kwalba a da. Shiru ya zo ɗibar ruwa, ya rusuna, ya daɗe yana fama kafin gaisuwar ta fito. Baba ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Da ya tafi na tambaye shi, man da yaron nan yake kawowa a lokacin, gurɓatacce ne?

Ya bi bayan Shiru da kallo, ya hura bututun.

"Ina zan san mansa? Kai dai dubi rigarsa. Har yanzu gumi yake yi."