Ƙanƙara a Jikin Tulun Gas

Abu uku gidanmu ya zuba a kan injin dafa ruwan nan: bijimin san da Inna ta daɗe tana kiwo, da babur ɗin Baba, da karatuna. Shekarar da aka karya darajar sefa ne, wata ranar kasuwa da hantsi, aka sauke shi daga amalanke a ƙofar gidan wankanmu, fari sol, ya fi Baba tsawo. Wani direba ya ɗauko shi daga Kwatano zai kai wa wani otal a Yamai, mai otal ya fasa, shi kuma ya nemi kai da shi.

Gidan wankanmu yana Malanville, bayan tashar da manyan motoci ke jibge suna jiran takardun duwan, wato kwastan, kafin su haye gada zuwa Gaya. Direbobi da yaransu ruwan zafi suke so, mu kuwa gangunan ƙarfe ne da mu a kan murhu, kuma ni ne mai wuta. Ina aji huɗu yaron da ke mana aiki ya koma Garou noman albasa, Baba ya ce in ɗan dakata da lakwal, wato makarantar boko. Ni ke turo kurar ruwa daga gulbi, in faskara itace, in watsa ɓuntun shinkafa idan wuta ta yi sanyi, idanuna kullum jawur. Ta bayan katanga nake jin ƙarfen da ake kaɗawa a shiga aji. Abokaina kan wuce cikin kaki suna gara taya, su leƙo su ce, "Sarkin gawayi, ka dahu ko da saura?"

Ranar da aka sauke injin, Baba ya dafa shi ya ce mini, "Ranad da wanga ƙarhe ya tashi, kai da murhu kun rabu." Na wanke kakina, na ninke, na ajiye.

Sai da damina ta wuce kafin wani direba ya kawo mana tulun gas daga Parakou, aka kira mai walda daga Gaya ya haɗa tiyo. Da ya kunna, shuɗiyar wuta ta tashi layi-layi tana gurnani, babu ko ɗigon hayaƙi. Ruwan bai gama ɗumi ba ta fara ƙanƙancewa, ta yi ta ja da baya har ta mutu. Na taɓa tulun, na janye hannu. Ƙanƙara ce fara ta lulluɓe gindinsa, a tsakiyar zafin Malanville. Aka girgiza, gas na nan. Mai walda ya ce, "Alhaji, cikin wanga ya hi ƙarhin tulunka. Yana zuƙa da yawa, tulu ya daskare. Sai ka jera tuluna ko ka samo tanki." Babu mai sayar da ko ɗaya a garin.

Baba bai sayar da injin ba, bai kuma janye alkawarinsa ba, abin da ya ɗaure ni ke nan. Kowace shekara sai ya ce baɗi. Ni kuma ina kallonsa yana zuwa kasuwa a ƙasa, turken Inna babu komai, da wane baki zan ce a ɗauki yaro? Ƙanena ya gaji kakin. Kaji suka riƙa ƙwai a ƙarƙashin injin, ni ina gefe ina hura wuta har na yi gemu.

Yau irin waɗannan injuna nake sayarwa a shagona da ke hanyar Guéné, masu otal har daga Gaya suna zuwa. Kafin mu yi ciniki sai na tambayi mutum ɗakunansa nawa, da wane gas zai ciyar da injin. Lambobin da ke jikin ƙarfen ina karantawa, dogon bayanin Faransanci kuwa 'yata ke karanta mini idan ta taso daga lakwal. Na saya wa Inna sa, Baba ya hau sabon babur kafin ya rasu. Na ukun ne har yau ban ga inda ake sayar da shi ba.