Karkataccen Ɗorin Baffana

Shekarun baya, lokacin ina sayar da koko a Nima, unguwarmu ta Zango a birnin Ankara na bakin teku, ba abin da ke ɓata mini rai kamar a tambaye ni mahaifina. Kuku ne na sojojin sama a zamanin babban yaƙin Turawa. Ina 'yar shekara biyar ya shiga jirginsu wata safiya, shi ke nan. Zango kuwa ba a rasa mai labari. Aka ce an gan shi a Sudan da sabuwar mata. Mahaifiyata ta ƙi yarda. Ni uwar wayo na yarda, har na cire shi daga addu'ata.

Sai da na yi aure na haihu, wasu manoma suka tono ɓaraguzan jirgi da ƙasusuwan mutum huɗu a daji can arewa. Aka kawo ƙasusuwan nan Ankara wajen wani Bature mai binciken ƙashi. Uku ya gane su da lambar ƙarfen wuyansu, na huɗu ba shi da komai, sai aka aiko cigiya Zango. Baffana, yayan mahaifina, maɗori ne, ya ce mu je. Na bi shi ne kawai don in dawo in ce wa mahaifiyata ta haƙura.

Baturen ya jera ƙasusuwan kan farin zane, tafinta na faɗa mana. Ya nuna karayar haƙarƙari da ta ƙoƙon kai, bakinsu da kaifi. Ya ce waɗannan na ranar faɗuwa ne, kuma mai su bai daɗe yana jin jiki ba. Sannan ya ɗago ƙashin ƙauri na hagu, mai ƙulli a tsakiya, ya ɗan karkace.

"Wannan tsohuwa ce, ta warke, amma wanda ya ɗora bai ƙware ba."

Baffa ya karɓa, ya bi ƙullin da babban yatsa.

"Faɗa masa ya yi gaskiya," ya ce wa tafinta. "Ni na ɗora. Ɗorina na farko ke nan, ranar da ya faɗo daga kan mangwaro. Kullum sai ya tsokane ni, wai na rage masa ƙafa." Ya juyo gare ni. "'Yata, babanki ne."

Nan na tuna ɗingishinsa, wanda nake kwaikwaya a bayansa yana dariya.

Muka sallace shi bayan la'asar. Mahaifiyata ba ta ce mini "ai na faɗa miki" ba, da ma ta faɗa, da na fi samun sauƙi. Baffa kuwa bai ƙara jin kunyar wannan ɗorin ba har ya rasu.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne shekarun da na hana shi addu'a, yana kwance a daji ba ko likkafani. Yanzu na tsufa, duk sallah sunansa nake fara kira, amma ban san ko zan cike gurbin ba.