Gangar Cokulan Maigidana

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa. Duk shekara in ranar ta zagayo, fura nake damawa in yi sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana na yi sadakar, amma shirun ya gagare ni, saboda wata hira da na ji a rediyo makon jiya.

Malam maƙerin farfaru ne, irin masu aikin azurfa da tagulla, a wani lungu da ba shi da nisa da Hubbare, nan cikin Sakkwato. Shekaru kaɗan kafin 'yancin kai ya koma narka alminiyam, yana zuba shi a cikin yashi ya fitar da cokula da ƙananan ludaya. Zubin ba wuya. Wahalar tana bayansa, domin kowane cokali da kaifi yake fitowa a gefe, in ka kai shi baki sai ya tsaga maka leɓe. Sauran maƙera da magagari suke bin su ɗaya bayan ɗaya, su wuni ba su gama ashirin ba, kuma duk da haka da kaushinsu.

Malam ya samo wata ƙaramar gangar ƙarfe, ya soka mata sanda ta tsakiya, ya ɗora ta kan gwafa biyu a tsakar gida, ya yi mata mariƙi. Cikinta ya shimfiɗa fatar akuya don kada cokulan su lotsa. Yakan tafi bakin gulbi wajen Kwalkwalawa ya tsinto tsakuwa masu santsi, ɗaya ɗaya yake zaɓensu kamar mai tsintar wake. A zuba cokula, a zuba tsakuwa, a zuba jiƙon tsamiya da ɗan sabulu, a toshe, a yi ta juyawa. Kwana biyu ana wannan, rana ta uku a canza da busasshen buntun shinkafa don su yi ƙyalli. Ni ce mai juyawa, daga hantsi zuwa la'asar, ga goyo a baya. Maƙwabta har tsiya suke mini, wai gidanmu ne kaɗai ake niƙan da ba ya fitar da gari. In na gaji na ƙara sauri don in huta da wuri, sai in ji muryarsa daga maƙera: "Sannu-sannu dai. Wanga aiki bai son gaggawa."

Mutum ɗaya ne daga waje ya taɓa ganin gangar nan, Sidi. Shi ke kai cokulan kasuwa, kuma ɗan'uwan Malam ne na shan nono, don mahaifiyar Sidi ce ta shayar da Malam bayan tasa ta rasu. Maƙera ba sa nuna sirrin aikinsu ga wanda ba jininsu ba, amma Malam ya ce Sidi jini ne. Ranar da ya shigo da shi, sai da aka sa na shige ɗaki. Ta labule na ga Sidi ya zagaya gangar sau biyu, ya juya mariƙin, ya leƙa ciki, ya yi ta sa albarka.

Da 'yancin kai ya matso, wani babban falken shanu ya shirya walima a gidansa. Cikin baƙinsa akwai ma'aikatan ofis, waɗanda a lokacin suka fara jin kunyar cin shinkafa da hannu. Falken ya aika wa Sidi cewa cokulan Malam yake so, masu yawa. Sidi ya amsa, bai gaya wa Malam ko kalma ɗaya ba. Ashe ya riga ya ƙera tasa gangar a ɓoye. Ya ba wani maƙeri zubi, ya zuba tsakuwar gini, ya juya na wuni ɗaya. Ya ga ganga, ya ga duwatsu, amma bai san abin da ke cikin ruwan ba. Sai ya yi tunanin abin da ke fitar da dauɗa a wanki shi zai fitar da ita a nan, ya zuba kanwa. Duk macen da ta taɓa barin ruwan kanwa a tukunyar alminiyam ta san baƙi take yi.

Inna, ƙanwar mahaifiyata, na cikin masu girkin walimar, ita ta kawo mini labari tun kafin a wanke kwanoni. Cokulan sun shafa wa farar shinkafa baƙi, sun ɓata wa mutane hannayen riguna, wani babban baƙo kuma ya tashi riƙe da leɓe yana jini. Maigidan ya kira Sidi gaban jama'a ya tambaye shi aikin wane ne wannan. Sidi ya sunkuyar da kai ya ce na Malam ne.

Kafin sati ya zagayo, duk garin ya ɗauka. Masu tebur a kasuwa suka daina karɓar kayan Malam. Mutumin da ake sayen cokalinsa ba a duba ba, ya koma ana ce masa mai cokalin yanka baki, har a gaban masallaci. Na ce masa ya je ya faɗi gaskiya, ga Inna shaida, ga maƙerin da aka ba zubin yana nan da ransa. Ya dube ni ya ce, "Mi kika so in yi? Nonon uwatai nis sha. In na tona mai asiri, da wane ido za ni kallon tsohuwa?"

Wannan na iya haɗiye shi, da ƙyar. Abin da har yau yake tsaye mini a wuya shi ne abin da ya faru bayan wata guda. Sidi ya zo zaure, ba don neman gafara ba, wai gaisuwa. Ina bayan ƙofa na ji Malam, da bakinsa, yana ce masa, "Ka bar sa kanwa, tsamiya aka sawa. Kuma ka nemi duwatsun gulbi, kada ka sake yanka bakin bayin Allah." Kwana uku ban yi masa magana ba. Na ji haushin Sidi, amma wallahi a ranar na fi jin haushin Malam.

Sidi ya gyara aikinsa, ya bunƙasa, ya je Makka. Malam ya koma gyaran 'yan kunne da awarwaro, gangar ta yi tsatsa a bayan ɗaki, har ya koma ga Allah bai sake zuba cokali ba. Ranar gaisuwa Alhaji Sidi ya fi kowa kuka. Ya tsugunna daga bakin ƙofa ya ce, "Mun yi rashi. Babu wanda yas san shi awa ni." Na ce hakanan ne, Alhaji. Na jira ko zai ƙara wata magana, sai ya shafa fatiha ya tashi. Shi ma yanzu ya rasu, bai faɗa ba.

To, makon jiya babban ɗansa ne a rediyo. Suna da masana'anta, ganguna shida, lantarki ke juya su. Ya ce mahaifinsu ne ya fara wannan dabara a Sakkwato, shi ya gano duwatsun gulbi, shi ya gano tsamiya. Ban zargi yaron ba, abin da aka gaya masa ya faɗa. Na dai zauna ina tunanin abin da Malam zai ce da yana nan. Na san shi sarai. Zai tambaya kwana nawa suke juyawa, ya ce injin ya yi sauri da yawa, sannan ya sa musu albarka. A nan muka sha bamban, ni ban kai shi haƙuri ba, kuma ban sha nonon kowa a gidan su Sidi ba.

Aikin Malam bai ɓace ba, yana cikin kowane kwando na kwanoni a garin nan, amma da sunan wani. Tun ranar da aka ɗaura mana aure har aka fitar da shi daga gidan nan, ban taɓa kiran sunansa ba, haka aka tarbiyyantar da mu. 'Ya'yana ma ba su taɓa jin sa a bakina ba. Yau na ajiye kunyar, Allah ya yafe mini. Wanda ya fara goge cokali a cikin ganga a Sakkwato, kuma bai taɓa yanka bakin kowa ba, mijina ne. Sunansa Buhari.