Mun Haƙa Dokin Ƙofar Baba, Ba Mu Samu Komai Ba

Shekara bakwai ke nan cif da muka binne Baba Ayuba a Kafanchan. Kowace shekara nakan ɗauki biro in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye. Ba abin yabo na rasa ba. Yabo kam an yi shi ranar jana'iza har Fasto ya riƙa duba agogo. Abin da ke riƙe mini hannu shi ne ba zan iya ba da labarin shekarunsa na ƙarshe ba sai na haɗa da abin da na yi wa matar ƙanena. Bana na ga in ban faɗa ba, da shi za a binne ni.

Ni ce Hannatu, 'yarsa ta fari. Citta nake saye a Kwoi in kawo Kafanchan, kuma duk manomin da ya taɓa sayar mini ya san ba na yarda da abin da ke saman buhu sai na zura hannu har ƙasa. Halin nan gado ne. Baba ma'aikacin reluwe ne, aikinsa duba layin jirgin ƙasa. Da ƙafa yake bin dogo, guduma a kafaɗa, yana taka katakan da aka jera a gicciye ƙarƙashin ƙarfen, yana ƙwanƙwasa kowane noti ya ji ko ya saki. Ko kujera aka ba shi a gidan biki sai ya girgiza ta kafin ya zauna. Kuma bai iya ƙarya ba. In Baba ya ce ya ga abu, to ya gani. Haka unguwa ta san shi, haka mu ma muka tashi muka sani.

Ciwon daga hannun dama ya fara. Yana zaune sai ka ga yatsunsa biyu suna murza juna kamar mai murza gyaɗa. Daga nan takunsa ya zama ƙanana, fuskarsa ta daina motsi, har jikoki suka fara cewa Kaka fushi yake yi da su. Muka kai shi wani asibiti a Jos. Likita ya ce cutar Parkinson ce, ba ta warkewa amma magani na sassauta ta. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce mu dawo bayan wata uku. Layin marasa lafiya har waje, ban ga laifinsa ba da bai zauna da mu ba. Amma sunan cuta da ledar magani kawai muka fito da su. Babu wanda ya gaya mana abin da ke tafe.

Mama ta riga ta rasu. Ni ina gidan mijina, ƙanena Bulus kuma malamin makaranta ne, ya fita da safe sai yamma. Don haka jinya ta faɗa kan matarsa Rifkatu, 'yar Manchok, mace marar yawan magana. Ita ke tayar da shi, ita ke ba shi abinci, ita ke wanke abin da ya ɓata. Shekara biyu tana yi. Mu kuwa sai ranar Lahadi bayan coci mu zo da ledar lemu, mu gyara murya mu ba da shawara, mu kama hanya.

A shekara ta uku Baba ya fara maƙalewa a bakin ƙofa. Zai taso daga gado, ya yi ɗan takunsa, yana isa dokin ƙofar ɗakinsa sai ƙafafu su kafe kamar an manna su da ƙasa. Ya yi ta karkarwa a tsaye, gumi na zuba, ba gaba ba baya. A daidai lokacin kuma ya fara wasu maganganu. Wata rana na zo da rana tsaka, ya jawo ni kusa, ya rage murya.

"Hannatu, matar nan tana shigo da mutane. Ga su can su uku a bayan kwabar kaya, tun safe. Kuma tana sa mini abu a kunu."

Na duba bayan kwaba, tsintsiya ce kawai da tsohon takalmi. Amma ban ce a raina tsoho ya ruɗe ba. Cewa na yi ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da bai taɓa ƙarya ba, don me zai fara da tsufa? Na daina gaya wa Rifkatu ranar da zan zo. Ranar nan na faɗo kicin ba sallama, na same ta tana niƙa wani farin abu da bayan cokali tana zubawa a kofin Baba. Na riƙe hannunta.

"Anti, maganin asibiti ne fa," in ji ta. "Ba ya iya haɗiye shi, yana shaƙe shi. Shi ya sa nake niƙawa."

Na ce to, na saki hannun, amma maganar ban sake ta ba.

Abin da ya ƙarasa mu ya faru ne wata Asabar da hantsi. Rifkatu ta zaunar da Baba a ƙofar gida ya sha iska, ta shiga ɗauko ruwa, ta fito ba shi. Aka bazu nema. Wani mai acaba ya ce ya ga wani tsoho a kan dogo. Muka je da gudu. Wallahi da idona na gani: Baba a tsakiyar layi, yana taka katakan nan ɗaya bayan ɗaya, taku mai faɗi, kai a ɗage, kamar shekara ashirin baya. Sai da Bulus ya ɗaga ƙafa kafin ya cim masa. Muka dawo da shi gida a keke mai ƙafa uku, mutane biye da mu. Yana isa dokin ƙofarsa, ƙafafu suka kafe.

Yanzu mai karatu, ka gaya mini tsakaninka da Allah, mutumin Kafanchan da ya ga wannan me zai ce? A waje lafiya lau, a gida ɗaure. Kowa ya dubi kowa, an gama magana. Ni ce na buɗe baki. Na ce abin a cikin gidan nan yake, kuma na san mai share bakin ƙofar nan kullum safiya. Washegari na sa aka fasa sumuntin dokin ƙofar, aka haƙa har gwiwa, maƙwabta na leƙe ta katanga. Ba mu samu komai ba sai jar ƙasa da wani tsohon murfin kwalba. Da mai hankali ne, da nan ya tsaya. Ni cewa na yi ai ta riga mu, ta kwashe.

Aka tara dangi. Na tsaya gaban kawunai da matan zumuntar coci na zayyana mutanen bayan kwaba, da farin garin kunu, da dogo, da ƙofa. Bulus ya sunkuyar da kai, don a gidanmu ba a musu da babbar 'ya a gaban manya. Aka yanke cewa Rifkatu ta je Manchok "ta huta". Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaure kayanta, ta nuna mini inda magunguna suke da lokacin kowanne, ta ce kada in bari ya sha ruwa a kwance. Har wannan ma na ɗauka iya shege ne.

Na tare a gidan na karɓi jinya, kuma jiki magayi. Kwana huɗu ban ga Baba ya haɗiye ƙwaya ba tare da ya yi tari har idonsa ya yi ja ba. A rana ta biyar na tsinci kaina a kicin da cokali a hannu ina niƙa. Ban gama jin kunyar wannan ba, sai na ji shi yana gaya wa Bulus a hankali cewa wannan sabuwar matar ta fi waccan mugunta, mutanen da take shigowa da su yanzu sun kai biyar. Ni ce sabuwar matar. Ƙofa kuwa, duk da sabon sumunti da addu'ar da aka yi a kanta, ba ta sake shi ba. A sati na shida ya kafe a wurin, na ja hannunsa da ƙarfi, ya tafi gaba ɗaya ya faɗi a kan kafaɗa.

Faɗuwar nan ce ta kai mu sashen gashin ƙashi a wani asibiti, inda muka haɗu da wata ma'aikaciya, yarinya ce ƙarama, sa'ar 'yata. Bayan ta duba kafaɗar ta tambayi yadda ya faɗi. Na ba ta labari har da na dogo, ina jira ta yi mamaki. Ba ta yi ba. Ta ɗauko filasta ta manna layi-layi a ƙasa, tazarar taku guda tsakaninsu, tun daga kujerarsa har ta wuce ƙofar ɗakin. Ta ce, "Baba, tsallake wannan. Yauwa. Sai na gaba." Baba ya tashi ya bi layukan nan ya fice ta ƙofa, ya juyo yana kallonmu.

Ta ce haka cutar take. Ƙwaƙwalwa ce ke kasa ba ƙafa umarni, musamman a wuri matsattse irin ƙofa, amma in ido ya samu layin da zai tsallaka, ko kunne ya samu ƙidaya, sau da yawa ƙafa takan bi. Katakan dogo layuka ne da aka jera masa, ga shi ya shekara talatin yana taka su. Ganin mutanen da ba su nan da zargin na kusa, su ma ciwon kan kawo su in ya taɓa tunani, wani lokaci ma maganin kan ƙara su, kuma wanda ya fi kusa da majinyaci shi ya fi shan zargin. Ta ce a gaya wa likita don ya duba ƙwayoyin, a kuma tambaye shi wanne ake niƙawa, don ba kowanne ba. Sannan ta duba bayansa da diddigensa, ta ce shekara uku ba gyambon kwanciya ko ɗaya, wanda ke jinyar nan ya san abin da yake yi. Ni ta kalla da ta faɗa, ni kuwa ƙasa na kalla.

Rashin sani ya fi dare duhu, haka ake cewa, kuma nakan so in fake da shi. Amma ba rashin sani kaɗai ba ne. Da ni ce aka gani da cokali tun farko, babu wanda zai tara dangi. Rifkatu bare ce, daga wani gida aka kawo ta, zargi kuwa inda ya ga katanga gajera nan yake tsallakawa. Duk da haka ina tambaya: maganar da yarinyar nan ta yi mana cikin minti goma, me ya hana mu ji ta shekara uku kafin nan? Da a ranar da aka faɗa mana sunan cutar aka haɗa mu da mai koya mana yadda ake tayar da shi, da yadda ake ciyar da shi, da abin da za mu ce in ya ga mutane a bayan kwaba, da ba a fasa sumunti ba. Mun je wurinta sau biyar, Baba ya ɗan samu ƙafa, muka zana layuka da fenti a tsakar gida. Zuwa na shida aka ce an yi mata canjin wurin aiki, kujerarta kuma ba kowa.

Nakan yi tunanin me Baba zai ce da ya ga yau. Waya cike take da masu maganin karkarwa, kowa da kwalbarsa, kowa da tsohon da ya warkar a bidiyo. Na san zai karɓi kwalbar ya girgiza ta, ya juya ta, ya tambayi mai ita a ina aka gwada. Ni ma haka nake yi, har 'ya'yana na yi mini tsiya. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, makon jiya a kasuwa na ji wasu mata suna zancen wani dattijo a garin Kasuwan Magani da hannunsa ke rawa, wai yana cewa ana sace masa kaya, kuma kowa ya san wace ce. Na sa baki na ce su kai shi asibiti su nemi masu gashin ƙashi, su tambayi likitan ƙwaƙwalwa. Suka dube ni kamar ni ma da hannuna a ciki.

Rifkatu ta dawo. Ni da Bulus muka je Manchok muka durƙusa gaban iyayenta. Ita ta ci gaba da jinyar har Allah ya karɓi abinsa, kuma a makonninsa na ƙarshe daga hannunta kaɗai yake yarda ya ci. Na ba ta haƙuri a ɗakinta, mu biyu. Ta saurare ni har na gama.

"Na ji, Anti. Amma a gaban mutane kika faɗa, yanzu a ɗaki kike ba ni haƙuri."

Gaskiyarta. Magana zarar bunu ce. Har yau in ta kai tuwo gidan makoki akwai masu ture kwanonta gefe, kuma 'yarta babba ta isa aure, ana raɗa cewa a bincika uwar. Shi ya sa na kawo maganar inda mutane suke. Ku da kuka leƙa ta katanga, da ku da kuka ji a bakin wasu: Rifkatu matar Bulus ba ta ɗaure kowa ba. Ciwo ne ya yi magana da bakin Baba, ni kuma na ɗauka na yaɗa.

In an tambaye ni me ya rage na Baba Ayuba, ba zan ce gudumarsa ba, ko layukan fentin da ruwa ya riga ya wanke. Ya bar mana bincike, amma shi in ya ƙwanƙwasa noti ya ji lafiya yake, wucewa yake yi. Ni rabin gadon na ɗauka. Ranar Lahadin da ta wuce muka taru a gidan Bulus don addu'ar cika shekara. Rifkatu ta kawo mini kunu. Kafin ta miƙo, ta ɗaga kofin ta kurɓa a gabana, kamar yadda take yi wa kowa a danginmu tun dawowarta. Na ce don Allah ta daina, ya isa haka.

"Ya zama jiki, Anti," in ji ta, ta miƙo mini kofin.